Ranar da Kwamfutar Baba Ta Yi Shiru

Da gangan na danna, ko hannuna ne ya zame? Na juya tambayar nan a raina har na gaji, kuma har yanzu da nake rubuto muku ban samu amsa ba. Wasunku sun sha ce min na cika zurfin ciki. To yau zan amayar da abin da ban taɓa faɗa ba. Mai zagi ya zaga, ba zan ga laifinsa ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: mu biyu ne a gidan nan, ni da Baba. Yayyena maza biyu aiki ya yi nisa da su, sai waya ranar Juma'a, minti huɗu, "ya jikin Baba, ya gida," a kashe. Umma ta rasu shekara biyu da wata uku ke nan. Tun daga lokacin gidanmu ya koma irin gidan da tun daga ƙofar shigowa za ka ji ƙugin firji.

Akwai tsohuwar kwamfuta ta kan tebur a ɗakin karatun Baba. Akwatinta na ƙasa yana huci kamar ya yi gudu, sifikunta biyu ƙanana, ɗaya an naɗe wayarta da salatif. Safiya ta Baba ce, yamma tawa, ina buga wa ɗalibai takardunsu. Kowa da ƙofarsa ta shiga cikin kwamfutar. Tasa tana da kalmar sirri wadda ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. A gefen allon akwai 'yar takarda manne da rubutun hannunsa: "Idan ta ce a sabunta, a danna DAGA BAYA."

Kullum ƙarfe bakwai da rabi, da ya gama shan shayi, sai ya shiga ya turo ƙofa. Bangon da ya raba ɗakin da kicin ba shi da kauri. Ina tsaye gaban kwanuka sai in ji muryar Umma.

Malamar firamare ce, kuma tana da wata 'yar rakoda da take faɗa wa duk abin da take tsoron mantawa. "Gobe a karɓo maganin Malam. A leƙa tela, ya fara raina ni. Auta ta ce takalminta ya tsinke, ƙarya take, sabo take so." Wani lokaci ta yi tari, ta yi wa tarin dariya. Rakodar ta lalace tun tana raye, amma kafin nan Baba ya kwashe komai ya zuba a kwamfuta. Bai taɓa faɗa min yana sauraro ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ina ji ba. Shi a can, ni a nan, bango a tsakani.

Sai kuma wanda na ajiye a wayata da sunan "Mai Gyara". Malamin kwamfuta ne a wata sakandare, dogo, mai gilashi, kullum aljihun rigarsa da alli ya ɓata shi. Sunan na sa masa ne don kada ido ya faɗa kan wayar a yi min tambaya, shi kuma ya mayar da abin tsokana. Sau uku yana neman izinin zuwa ya gaida Baba, sau uku Baba yana cewa, "A bari tukuna."

Ranar da abin ya faru Gwaggo ta zo, ƙanwar Baba. Ta shigo da sassafe ba sallama mai ƙarfi, da mayafinta ruwan toka da jakar nan tata da zif ɗinta bai taɓa rufuwa ba, ta same ni a kicin tsaye kamar an dasa ni. Ta kasa kunne. Ta ji abin da nake ji.

Ta jira sai da Baba ya fita masallaci da azahar. Ta cire gilashinta ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan rasuwar."

Ta yi ƙwafa. "Shi ya sa. 'Yar nan, bari in faɗa miki gaskiya ko da za ki ji haushina. Muddin yayana yana kulle kansa da muryar wadda ta tafi, ba zai ɗago ido ya ga wadda ke tsufa a gabansa ba. Shekararki nawa? Yaron nan zai yi ta jira ne har furfura? Komai na ubanki daga baya ne, har a jikin kwamfuta ya rubuta ya manna."

"Gwaggo, idan na tafi wa zai zauna da shi?"

"Au, da ke aka haifa masa a matsayin kujerar falo?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta tafi ta bar min ƙamshin turarenta da maganarta.

Da yamma na zauna aiki. Ina tsakiyar buga shafi na sha ɗaya ɗan akwatin nan na sabuntawa ya fito a allo, kamar yadda ya saba fitowa wata da watanni. Maɓalli biyu, kafaɗa da kafaɗa: Sabunta yanzu. Daga baya.

Ga abin da ya sa ba zan iya wanke kaina ba. Mai Gyara ya taɓa ce min, cikin hira kawai, "Tsohuwar na'ura irin taku idan aka sabunta ta, wasu tsofaffin manhajoji kan ƙi buɗewa." Na ji, na kuma riƙe. Amma gaskiya ne kuma idona ya gaji a ranar, kuma linzamin kwamfutar yana da tsalle. Na dai ji ƙas, allon ya koma shuɗi, ɗigo-ɗigo suka fara zagaye. "Kada a kashe kwamfuta." Awa ɗaya da minti arba'in ina zaune, hannuna a cinya, ina kallon soket a bango. Ban tashi ba.

Washegari bakwai da rabi ya turo ƙofa. Na ji fankar akwatin ta tashi. Na ji ƙas, ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ji kujera ta ja baya, na ji yana taɓa wayoyi. Bayan minti goma ya fito ya tsaya a ƙofar kicin, hularsa a hannu.

"Auta, kin taɓa wani abu jiya?"

"Ita ta yi da kanta, Baba. Haka suke yi yanzu, ko ba a danna ba."

Ƙaryar ta fito sumul, kamar na kwana ina haddarta.

Ya mayar da hularsa kai. "To," ya ce. Ya koma falo.

Bai ce sauti ya ɗauke ba. Da ya faɗa, sai a tambaye shi me yake sauraro.

Da yamma na duba ta ɓangarena. Komai ya canza wuri kamar an yi mana baƙi sun gyara ɗaki. A ƙasan allo, kan hoton sifika, ga wani ɗan jan kuros. Na ɗauki hoto na tura wa Mai Gyara.

"Ranki ya daɗe, yau sunana ya bi ni ke nan," ya rubuto. "Cire wayar sifika ki mayar. Koren rami, ba ruwan hoda ba."

"Na yi. Shiru."

"Kashe ki kunna."

"Sau huɗu."

"To direban sauti ne ya ɓace. Wata 'yar manhaja ce da ke haɗa kwamfuta da sifika. Sabon tsarin bai san tsohon ba."

Kwana biyu muna fama. Ya turo hoto da jan da'ira a inda zan danna, in danna wani wuri daban, ya turo hoton mutum ya dafe kai. Na sauko da direba na farko, ta ƙi karɓa. Na biyu ya shiga, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci. A rana ta uku da la'asar, na uku ya zauna, sifikun suka yi wani ɗan "tilin". Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata na gyara, Allah Ya rufa min asiri, ba wanda zai sani.

Da safe na tsaya a kicin ina jira. Ƙas, ƙas. "Tilin." Sai shiru. Ƙas, ƙas. "Tilin."

A rana ta biyar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗauki kofin shayi na biyu na tura ƙofar ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Ya yi saurin kai hannu, amma na riga na gani ta saman kafaɗarsa. Wani ƙaramin akwati a tsakiyar allo: "Wannan manhaja ba ta aiki da wannan tsarin." A samansa ga ɗan hoton rakodar Umma.

"Ban ce ki kawo shayi ba."

"Yi haƙuri, Baba."

Na fita. A bayan gida, gindin igiyar shanya, na rubuta wa Mai Gyara komai game da muryar. Komai ban da abu ɗaya.

Ya kira maimakon ya rubuto. Babu wasa a muryarsa.

"Irin waɗannan rakodojin da nasu salon suke ajiye sauti, manhajarsu kaɗai ke buɗe shi. Wataƙila a samu wata dabara nan gaba, amma ba zan yi miki alkawari ba. Hanyar da na tabbatar ita ce a mayar da kwamfutar tsohon tsarinta, a buɗe su, a juye su zuwa irin sautin da kowace waya ke ji. Tsohon tsarin yana nan a ajiye a ciki, amma kwana goma kawai. Bayan nan ita da kanta za ta share shi."

"Yau biyar."

"Yau biyar. Kuma ba za ta yarda ba sai da kalmar sirrin mai ita. Sannan faifan ajiyarta ya tsufa, dole a kwafe komai a gefe kafin a taɓa. Wannan ba aikin hoto da jan da'ira ba ne, sai na zauna a gabanta."

Na ce, "To ka zo. Ka sa tsohuwar riga, ka riƙo jakar kayan aiki. In ce masa mai gyara ne na samo a kasuwa. Ai bai san fuskarka ba."



"A'a."

"Don Allah."

"Ranar farko da zan taka gidan mahaifinki, in taka da ƙarya? Gobe in dawo da wace fuskar? Zan zo, ko yanzu ya ce. Amma a yadda nake zan zo, ya san ko ni wane ne, ya san me nake nema."

"Ka san ba zai yarda ba."

"Na sani." Ya numfasa. "In tambaye ki wani abu? Ba kasafai take yi da kanta ba idan an saba ɗage ta. Ke kika danna?"

Na ce Baba yana kirana, na kashe. Daga baya ya turo saƙo, "Ba don in kama ki na tambaya ba." Na buɗe, na karanta, na bar shi haka.

Da muka zauna cin abincin rana na gwada Baba.

"Akwai wani mai gyara, an ce zai iya mayar da ita yadda take."

Bai ɗago daga faranti ba. "Wane mai gyara? Na cikin wayarki, wanda in ya kira kike fita gindin shanya?"

Ashe ya sani.

"Ba wanda zai taɓa min ita," ya ce. "Ba abin da nake buƙata a ciki."

Na kira Gwaggo ina tsammanin ko za ta sa baki. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ki ja bakinki ki yi shiru. Kwana biyar ne, kamar yau ne. Sauƙi ne Allah Ya kawo muku ku duka biyun, ke kuma kina neman mayar da shi."

Abin da ya fi damuna, 'yan'uwa, shi ne maganarta ta fara kama da gaskiya. A rana ta shida Baba bai shiga ɗakin ba. Ya jawo kujera ya zauna a ƙofar kicin, yana kallona ina yanka albasa. Ya tambaye ni me ɗaliban nan suke rubutawa haka da ba ya ƙarewa. A ta bakwai ya lura labulen falo ya koɗe. Ya ce min na rame. Shekara biyu ina jira mutumin nan ya dube ni, ga shi ya duba. Sai dai shayinsa yana hucewa a kofi, rabi. Rigar da ya sa ranar Talata ita ce a jikinsa har Alhamis, maɓallin wuya a ramin da ba nasa ba.

Ku faɗa min, idan kun cuci mutum kuma cutar ta fara yi masa magani, me ake kiran wannan? Na yi ta lissafa ranakun a yatsa ina cewa saura huɗu, saura uku, ban san ko tsoro nake ji ko ɗoki ba.

A rana ta takwas ina goge murhu, yana zaune a kujerar tasa, sai ya ce, kamar mai tambayar ƙarfe nawa:

"Auta, in Ummanki za ta kira ki daga ɗaki, farkon sunan take ja ko ƙarshen? Tun asuba nake ƙoƙarin in ji, ya ƙi zuwa."

Na buɗe baki zan ba shi amsa. Na nemi muryar a kaina. Kalmomin suna nan, tela, magani, takalmi, duk na haddace. Amma sautin babu. Kwana takwas kacal. Ashe ni ma ba riƙe ta na yi ba, kullum da safe ake ba ni aronta ta bango.

"Ƙarshen, ina ji," na ce.

"Ina ji," ya maimaita. Ya gyaɗa kai, ya tashi.

A rana ta tara, bakwai da rabi, na ji ya turo ƙofar ɗakin karatu. Ban ji fanka ba, ban ji ƙas ba. Na wanke hannu, na goge a jikin zanena, na gyara ɗankwali kamar mai zuwa wurin alƙali. Wannan karon na ƙwanƙwasa.

Yana zaune gaban baƙin allo, hannuwansa biyu a kan tebur. Na durƙusa a gefen kujerar.

"Baba, ba ita ta yi da kanta ba. Ni na danna."

Idonsa na kan allon. Na ci gaba.

"Kuma na san abin da ke ciki. Tun farko nake ji daga kicin. Ban taɓa faɗa ba."

"Kunnena lafiya lau yake, Auta," ya ce a hankali. "Don wa kike zaton nake ƙure sifika?"

Nan kukan ya ƙwace min. Bai rarrashe ni ba, bai kuma yi faɗa ba. Da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi. Ya bar ni har na yi mai isata, sannan ya miƙo min hankicinsa, wanda ni na goge shi da hannuna.

Na faɗa masa sauran. Kwana goman, kalmar sirrin, faifan da ya tsufa. Na faɗa masa har dabarar da na kawo ta tsohuwar riga da jakar kayan aiki.

"Me ya ce?"

"Ya ƙi. Ya ce ba zai shigo gidanka da ƙarya ba. In zai zo, a yadda yake zai zo."

Wani abu ya gilma a fuskar Baba, ban san ko murmushi ba ne. "Ya fi ki hankali."

"Eh, Baba."

"Saura kwana nawa?"

"Gobe ne na ƙarshe."

Ya juya ya dubi ɗakin, kantar littattafai, taga, ƙofar da na bari a buɗe, falon da ba kowa a cikinsa.

"Kin san abin da ya sa nake cewa a bari tukuna? Ban taɓa jin wani aibu a kansa ba. Na sa an bincika tun bara." Ya shafa gemunsa. "Na dai san duk ranar da ya shigo ta ƙofar can, ke ce za ki fita ta cikinta. Daga nan sai ni da wannan akwatin."

"Baba, ba sai ka..."

"Yi min shiru. Ina wayar taki?"

Na ciro ta daga aljihun riga, na buɗe. Saƙonsa na kwana huɗu yana nan ba amsa.

"In rubuta masa ya zo?"

"A'a. Ba a kiran mutum irin wannan da rubutu." Ya miƙo hannu. "Danna, ki ba ni."

Na danna, na sa masa a tafin hannu. Ya kai kunne, ya gyara zama, ya sa ɗayan hannun ya gyara wuyan rigarsa kamar wanda za a gani. Ina durƙushe ina jin ƙarar shigar kiran, sau ɗaya, sau biyu. A na uku aka ɗauka, na ji muryarsa 'yar ƙarama daga nesa, cike da zumuɗi: "Ranki ya daɗe, sai yau?"

Baba ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Ba ita ba ce, mahaifinta ne. In kana da sarari yau da la'asar, ina son ganinka a gida."